Baba Kyari da Kacallar Wuyan Raƙumi

Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Ina tsaye a bakin kasuwar Haɗeja ina jiran mai faci ya gama da tayar babur ɗina, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Modu ne, babban ɗan Baba Kyari. Shekara guda ke nan lambarsa ba ta shigo wayata ba, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Malam Isa, Baba ya cika." Na yi salati, na tambaye shi a ina, a gida ko a asibiti. Ya ce, "A cikin kacalla." Ya kashe wayar, ya bar ni riƙe da tawa a kunne.

Kwana uku na zauna a tabarmar makoki, na ji an ce "mutumin kirki ne" har kunnena ya gaji. Gaskiya ne, mutumin kirki ne. Amma wasu daga cikin masu faɗar haka su ne suka toshe kunnuwansu lokacin da yake raye yana magana, kuma ni ne na gaba a cikinsu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so in faɗi ko shi wane ne, in faɗi yadda ya rasu, kuma ba zan sassauta wa kowa ba, har da kaina. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba.

Ni ma'aikacin gandun daji ne, mutumin Birniwa, ɗan tudu. Mahaifiyata Bafillatana ce, a bayan shanu na tashi, kuma kafin a turo ni aiki fadamar da gwamnati ta keɓe a yankin Kirikasamma ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Ranar da na fara shiga, na miƙe tsaye in gyara hulata, sai ga ni tsamo-tsamo cikin ruwa da kaki da takalmi. Wani dattijo dogo, baƙi, mai tsagen Barebari, ya miƙo mini gwangwalar da yake tuƙi da ita, yana dariya har da hawaye. Da ya ji inda na fito sai ya ce, "Af, ashe Fillo ne! Gwamnati ta rasa wanda za ta ba tsaron ruwa sai bawana." Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Na ce masa ai Babarbare ne bawan Bafillace tun fil azal. Daga ranar nan bai sake kirana da sunana ba, sai Fillo, ni kuma na riƙe shi uba. Shekara goma sha biyar muna haka.

Duk abin da na sani game da ruwa, a wurinsa na koya. Shi ya nuna mini yadda ake tsayawa a bayan jirgi, da yadda ake gane zurfi daga launin ruwa, da inda tarwaɗa ke kwanciya idan rana ta take. Masunci ne, amma ba irin masu kwashe komai ba. Idan ya ɗaga komarsa ta kamun kifi ya ga ƙananan karfasa, ɗaya bayan ɗaya yake tsince su ya mayar, yana ce musu, "Ku je ku girma, ina nan." Idan ya tarar da tarun wani ya yage a kan kututture, sai ya zauna ya ɗinke, ya wuce abinsa, mai tarun ya yi ta tambayar wanda ya yi masa. Ba ya cin abinci a gaban ɗan tuƙinsa sai ya tura masa kwanon tukuna. Yana da faɗa, wannan kam ba a musu. Idan ka yi masa aikin ganin ido zai wanke ka tas a gaban ko waye, amma da yamma shi zai aiko maka da kifi. Yakan ce, "Ruwa ba ya jin lallashi, Fillo. Ka yi masa daidai, ko ka fita daga cikinsa."

Ƙauyensu yana kan wani ɗan tudu a tsakiyar fadama. Da rani babur yana zuwa har ƙofar masallaci. Da damina kuwa, idan kogi ya kawo, hanya takan yanke wata biyu ko uku, ba shiga ba fita sai ta jirgi. Hanyar jirgin guda ɗaya ce, wata siririyar mashigar ruwa mai lanƙwasa da ake kira Wuyan Raƙumi, wadda ta ratsa ta cikin gandun dajinmu ta ɓulle bakin titi. Ta nan ake fita da shinkafa da kifi, ta nan ake shigo da gishiri da magani, ta nan ake fita da mara lafiya. Lokacin da na zo, mai tuƙi ɗaya yakan ratsa ta kafin shayi ya huce a buta.

Ita kuwa kacalla, wanda bai san fadamarmu ba zai ɗauka ciyawa ce kamar kowace. Tsayinta ya fi na mutum biyu, ganyenta dogo mai kauri, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana tsirowa gaba, kuma inda ta kama ko akuya ba ta kutsawa. Baba Kyari ya ce da yana saurayi sai ka yi yini kana tuƙi ba ka ga ko tsiro ɗaya ba. A lokacin fadama tana cika da damina, ta bushe da rani har ƙasa ta tsattsage. Tun da aka datse kogin daga sama ake sako ruwa duk shekara, ƙasar ta daina bushewa, kacalla ta samu wurin zama. Ta cinye gonakin shinkafa, ta cinye wuraren kamun kifi, ta tare ruwa ya koma yana kwanciya inda ba a so, ya ƙi zuwa inda ake jiransa. Tsuntsayen jan-baki suka mayar da ita gida, su kwana a ciki, da safe su tashi kamar hayaƙi su sauka a gonar talaka.

Abin da ya hana ta rufe Wuyan Raƙumi duk shekarun nan shi ne gayyar Baba Kyari. Kowace shekara, da ruwa ya fara hawa, yakan bi gida-gida da kansa, ya tara maza talatin ko arba'in. Mata su dafa dambu da kunu a kai bakin ruwa. Maza su shiga har ƙirji, kowa da laujensa, matsattsaku na mannewa a cinya, kaifin ganye na tsaga hannu. Doka ɗaya ce a aikin, kuma a kanta ne yake yi wa mutane faɗa: a ƙarƙashin ruwa ake yanka ta. Sai ka tura hannu ƙasa kamu guda, ka laluba gindin, ka yanke, ka jawo abin da ka yanka ka fitar da shi tudu. Ya ce mini, "Ita ma numfashi take yi, ganyen nan shi ne hancinta. In ka yanke ta a ƙasa ruwa ya hau kanta, ta nutse ke nan, saiwar ta ruɓe. In ka bar mata ko ɗan yatsa a sama, ka yi aikin banza." Yakan bi bayan masu yanka yana shafa ruwa da tafin ƙafa. Duk inda ya taka kututture mai tsayi, sai ya kira mai wurin da suna ya dawo ya sake.

A wannan aikin ya kwashi tsargiya, kamar yawancin masu shiga ruwan. Ya sha magani ta tafi, ta dawo, ya sake sha. A 'yan shekarun nan cikinsa ya ɗan kumbura, likita ya ce hanta ce ta taɓu, ya hana shi shiga ruwa. Ya ce to, ya dawo gida ya ci gaba da abinsa.

Shekara uku da suka wuce aka kafa wani kwamiti a kan gandun dajin, aka kawo wani masani ya shugabance shi. Dakta muke ce masa, ba zan faɗi sunansa ba. Ba mugu ba ne, kuma ba jahili ba ne. Ya san sunan kowane tsuntsu da ƙasar da yake fitowa. Aka kira taro a makarantar firamare ta bakin titi, aka jera manya a kan kujeru, masunta da manoma a ƙasa. Dakta ya yi bayani mai tsawo, kuma zan faɗe shi yadda ya faɗa, don kada a ce na rage masa. Ya ce gandun daji wuri ne da aka keɓe don a bar halitta ta yi yadda take so, ba gonar kowa ba ce. Ya ce yau in an bar mutum arba'in su shiga da lauje, gobe da taru za su shiga, jibi da shanu, gata da wuta, kuma ya ga inda aka yi haka dajin ya ƙare. Ya ce kacalla tana tace ruwa, kifi yana ɓuya a gindinta, tsuntsaye suna sheƙa a cikinta, mata suna saƙa tabarma da ita. Ya ce tsiron da muke kira baƙo yau, bayan shekara ɗari ɗan gida ne, kuma duk lokacin da ɗan Adam ya ce zai gyara daji ɓata shi yake yi. Maganarsa ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba. Har yau akwai abin da na yarda da shi a ciki, domin na san halin mutanenmu idan aka buɗe musu ƙofa.

Baba Kyari ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji karatu. Ina da tambaya. Ka ce a bar ruwa yadda Allah ya yi shi. To wa ya datse shi daga sama? Ni ne? Ai tun ranar da aka taɓa kogin nan ya daina zama yadda Allah ya bar mana. An riga an sa hannu, yanzu kuma da abin ya lalace sai a ce kowa ya naɗe hannunsa?" Ya ci gaba. "Tsuntsayen da kake tsaro, na riga ka saninsu. Dinya da kirinjijiya buɗaɗɗen ruwa suke sauka, inda akwai bado. Ka je tafkin da ke bayan garinmu ka gani, da can ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukansu. Yau kacalla ce, ba bado, ba dinya. Wanda ke kwana a cikinta jan-baki ne, shi kuwa ba ya buƙatar gwamnati ta tsare shi. Ba mu ce a ba mu dajin ba. Hanya muke roƙo, faɗin jirgi biyu."

Dakta ya ce doka ba ta san faɗin jirgi ba. Matasa suka fara hayaniya, maigari yana ba da haƙuri. A nan ne na miƙe.

Wallahi da ƙafata ta karye a safiyar nan da ya fi mini. Na ga ga ubangidana na aiki, ga ubana na ruwa, na ce bari in nuna ni mai hankali ne, mai raba gardama. Na ce me zai hana a bi tsakiya? A bar mutane su yanka kacalla a Wuyan Raƙumi, amma abin da ke saman ruwa kawai, kada a sa lauje a ƙasa, don kada a taɓa maɓuyar kifi. Hanya ta samu, daji ya tsira. Dakta ya yi murmushi ya ce ga irin ma'aikatan da ake nema. Maigari ya yi hamdala don ya ga rigima za ta mutu. Har tafi aka yi mini. Ni da na shekara goma sha uku ina shiga gayyar nan, ni da aka sha mayar da ni baya in sake yanka kututture, na san abin da nake faɗa ƙarya ne. Na sani sarai. Daɗin a yabe ni a gaban manya ne ya rufe mini ido.

Baba Kyari ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Fillo, wannan ba yanka ba ne. Aski ne. Ka taɓa ganin wanda aka yi wa aski gashinsa ya daina fitowa?" Aka yi dariya, aka ɗauka wasanmu ne na kullum. Aka rubuta takarda, mutum bakwai suka sa hannu, nawa ne na huɗu.

Shekarar farko an yi gayya bisa sabuwar doka. Baba ya zo, ya tsaya a bakin ruwa yana kallo. Aka sassabe saman, wuri ya yi fes kamar an share tsakar gida, aka ɗauki hotuna aka aika birni. Kafin sati huɗu ta dawo, kowane gindi ɗaya ya fito da uku. Kututturan da aka bari suka bushe suka zama tsinke, suna kama cikin jirgi, laka da shara suna taruwa a tsakaninsu. Shekara ta biyu mutum tara ne suka fito gayya. Wa zai bar gonarsa ya je matsattsaku su sha jininsa a kan aikin da ya san na banza ne? Abin da dattijon nan ya riƙe shekara da shekaru da bakinsa da ƙafarsa, muka rushe shi da takarda ɗaya. Na rubuta rahoto cewa hanya tana toshewa. Aka ce mini kwamiti zai duba. Ban sake matsawa ba, domin in na matsa sai an tambayi wanda ya kawo shawarar.

Bara, da ruwa ya fara hawa, muka fita zagaye da wani babba daga ofishinmu. Muna shan kwanar Wuyan Raƙumi sai ga mutum shi kaɗai cikin ruwa har wuya, hannunsa a ƙasa, tarin kacalla a bayansa. Baba Kyari ne, da shekarunsa saba'in da wani abu, da kumburarren cikinsa. Shi kaɗai ya buɗe wajen taku ashirin. Babban namu ya ce, "Isa, wannan ba saɓa doka yake yi ba? Karɓo laujen." Da na ce masa ranka ya daɗe wannan ubana ne, da ba abin da zai faru, iyaka a yi mini faɗa. Ban ce ba. Na sa aka matsa da jirgi, na miƙa hannu, ban iya kallon fuskarsa ba. Ya fito da laujen daga ruwa, ya juya shi, ya miƙo mini ta wajen ƙota. Ya ce, "Riƙe ta nan, Malam Isa, da kaifi." Laujen yana nan a ɗakin ajiyar ofishinmu da lamba a jikinsa, tare da tarkunan ɓarayin daji.

Malam Isa. Shekara goma sha biyar ban ji sunan nan a bakinsa ba. Wanda bai san wasan Barebari da Fulani ba ba zai gane abin da aka yi mini ba. Muddin yana zagina yana ce mini bawansa, ni ɗan gida ne. Ranar da ya girmama ni, ya fitar da ni. Bayan haka mun haɗu sau uku ko huɗu, a kasuwa da wurin jana'iza. Yakan amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi iyali, ya ce, "A gai da mutanen ofis, ranka ya daɗe." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Kullum ina cewa zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, bari a yi girbi, bari azumi ya wuce, bari ruwa ya janye. Girman kai ne kawai, ba wani abu ba.

Ga yadda ya rasu, kamar yadda Modu ya faɗa mini. Da hantsi, bayan ya karya, ya fara aman jini. Hanyar babur ta yanke tun sati uku. Suka shimfiɗa shi a jirgi, matarsa Ya Falmata ta riƙe kansa a cinyarta, Modu da maza uku suka kama tuƙi. Suka kira wani mai mota ya jira su a bakin titi. Da suka shiga Wuyan Raƙumi ba su yi nisa ba jirgi ya tsaya cak. Suka sauka cikin ruwa suna sara da adda, suna turawa, suna ja. Inda suka sare, jirgin ya hau kan tsofaffin kututtura ya maƙale. Suka koma baya suka gwada ta wani gefe, nan ma a toshe. Ba iska a cikin kacalla, ba ka ganin komai sai ganye da sama, ga sauro da rana tsaka. Mai mota yana ta bugo waya yana tambaya ko sun kusa. Azahar ta yi suna ciki. Modu ya ce suna jin ƙarar manyan motoci a kan titi, kusa ƙwarai, lokacin da Ya Falmata ta ce musu su daina turawa haka nan.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini a wurin makoki: kwanansa ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Ba wanda ke ƙara wa wani numfashi ɗaya, kuma ban ce da an kai shi asibiti da ya tashi ba. Amma kada wanda ya sake ya ɓoye sakacinsa a bayan ƙaddara a gabana. Allah ne ya ƙaddara ranar, mu ne muka toshe hanyar. Da ya cika a kan gado, ko a cikin mota, ko a ɗakinsa da 'ya'yansa kewaye da shi ana yi masa kalmar shahada a natse, da ban rubuta wannan ba. Mutumin da ya ba da lafiyarsa don hanyar nan ta zauna a buɗe, shi muka bari ya yi awa biyar yana aman jini a cikin ciyawa, matarsa tana kore masa ƙuda da gefen mayafi. Wannan ba zan kira shi da wani suna mai daɗi ba.

Ranar addu'ar uku kwamiti ya aiko da wakilai. Ba su iya shiga garin ba, sai a bakin titi suka tsaya, mu muka kutsa ta cikin kacalla da ƙyar muka fito muka same su. Ɗaya daga cikinsu ya ce marigayi abokin aikinsu ne wajen kare muhalli, kuma za su duba yiwuwar sanya sunansa a wani allo. Allo! Na tambaye shi a gaban jama'a yaushe za a soke dokar yanka. Ya ce in yi haƙuri, ba nan ne wurin maganar ba, kwamiti zai zauna idan ruwa ya janye. Wato idan hanyar babur ta buɗe, lokacin da ba mai buƙatar jirgi. Haka muke aiki, kuma haka ni ma na yi aiki shekara uku, don haka ban da bakin zagin kowa ni kaɗai.

Har yanzu ban ce a saki gandun daji kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Aikina ke nan, kuma na ga abin da wuta da gatari suke yi. Amma wanda ya ce a zuba wa kacalla ido da sunan barin halitta, ya zo ya nuna mini halittar da ta rage a inda ta kama. Ba bado, ba dinya, ba kifin kirki, ba hanya. Wurin da mutum ya riga ya canja wa ruwa tafiya, naɗe hannu ma zaɓi ne, kuma akwai wanda yake biyan kuɗinsa da ransa. Masu yanke hukuncin ba su ne ke zaune a bayan ciyawar ba.

Da jama'a suka ragu na shiga cikin gida na gai da Ya Falmata. Na yi zaton za ta juya mini baya. Ta amsa, ta sa aka kawo mini ruwa. Na fara kame-kamen neman gafara, ta ɗaga hannu ta ce, "Isa, wanda za ka roƙa ya tafi. Ni ba ka yi mini komai ba sai abin da ka yi wa kowa." Na fito na samu Modu a zaure. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na tambaye shi ko Baba ya ambace ni a cikin jirgin, ko da da faɗa ne. Ya dube ni, ya ce, "A'a." Na so ƙwarai ya yi mini ƙarya, amma ɗan ubansa ne.

Sai ya nuna mini wani ɗaki da haɓa, ya ce, "Matata ce a ciki. Watanta tara. Haihuwarta ta fari da ƙyar aka sha, sai da aka yi mata aiki, kuma likita ya ce wannan ma kada ta kuskura ta haihu a gida. Ruwan nan ba zai janye ba sai nan da wata guda." Ya tashi ya shiga wurin baƙi.

Don haka ga abin da zan sanar, kuma na rubuta shi a fili don kada wani ya ce bai ji ba. Ranar Asabar mai zuwa, da safe, akwai gayya a Wuyan Raƙumi. Na bi gida-gida da ƙafata, wasu sun rufe mini ƙofa kuma ban ga laifinsu ba, amma mutum ashirin da shida sun ce za su fito. Faɗin jirgi biyu za mu buɗe, daga garin har bakin titi, ba za mu taɓa ko ganye ɗaya a wajen haka ba, kuma a ƙasa za mu yanka. Na san doka ta hana. Ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin kama duk wanda ya yi haka a wannan yanki ni ne, kuma zan kasance a cikin ruwan da kakina. Wanda yake son a yi kamu sai ya turo wani, ya kuma faɗa masa ya zo da jirgi, in ya samu ta inda zai wuce.

Ya Allah, ga bawanka Kyari ya zo gare ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa wahalar da ya sha a yininsa na ƙarshe ta zama kankarar zunubansa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa duk wanda ya taɓa bi ta hanyar da ya buɗe ya zama shaida a gare shi ranar da ba wani mai shaida sai wanda ka yarda. Ka ba Ya Falmata haƙurin abin da idonta ya gani. Ka riƙa wa Modu da ƙannensa, ka haɗa kansu, kada ka bar su su wulaƙanta. Mu da muka ji gaskiya daga bakinsa muka yi tafi a kan ƙarya, ka yafe mana in mun gyara, kada ka ba mu kwanciyar hankali in ba mu gyara ba. Yarinyar nan da ke ɗaki kuma, ya Ubangiji, ka sauke ta lafiya, ka riƙe mata naƙudar nan har mu kai bakin titi. Amin.